Mai Turare Ba Ya Atishawa

Bayan shago da kwalabe, abu biyu mahaifinsa ya bar masa, kuma duka biyun dokoki ne. Ta farko, ba a manna wa kwalbar haɗi suna, domin kwalbar da ke ɗauke da sunanta ta gama tona asirin mai ita. Hanci ne zai karanta abin da ke ciki. Ta biyu, mai turare ba ya atishawa a gaban mai saye. Marigayin yakan ce mutum ya shigo neman ƙamshi, ka buɗe masa kwalba ka bi shi da atishawa, ai ka gama gaya masa barkono kake sayarwa. Mai Turare ya karɓi dokokin nan hannu bibbiyu, ya yi musu riƙon da ko mai su bai yi musu ba. Kyan ɗa dai ya gaji ubansa.

Hancinsa gwani ne, wannan ko maƙiyi ya shaida. Mutum ya wuce ta ƙofar shago zai gaya maka turaren da ya shafa yau, da wanda ya shafa jiya, da sabulun da ya yi ƙoƙarin wanke na jiyan da shi. Sai dai gwanin nan yana da abokin gaba guda, wato man wardi, kuma shi ne abin da aka fi nema a shagon. Da an cire murfinsa sai hancin ya fara ƙaiƙayi tun daga can ƙurya.

Saboda haka Mai Turare ya ƙirƙiro dabararsa. Da ya ji ta taho, sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur kamar mai neman murfin da ya faɗi, ya matse hanci da yatsu biyu, ya datse baki. Atishawar ta iso ta tarar da ko'ina a rufe, ta yi ta dukan bango daga ciki. Kafaɗunsa su yi tsalle, a ji wani ɗan sauti, kit, sannan ya ɗago da jajayen idanu yana murmushi.

“Ka ji shi ko, ranka ya daɗe? Asalin mai kyau ke nan.”

Haka yake yi wuni guda, shekara da shekaru. Idan ya rufe shago da yamma kuma sai ya rama abin da aka yi masa, ya damƙe hanci cikin hankici ya fyace shi da iya ƙarfinsa, har Mai Faci da ke tsallaken titi ya ɗago daga kan taya ya ce, “To, babbar mota ta yi oda, a tashi aiki.”

Ba a rana ɗaya hancin ya tafi ba. Ƙananan ƙamshi ne suka fara ɓacewa, irin su lemo da furen dare. Daga baya sandal ya bi su. Wata safiya ya cusa hanci cikin kwalbar udu, wanda ko daga bakin titi a da yana jin sa, ya ja numfashi har kansa ya sara, bai ji komai ba sai sanyi. Abin takaicin kuma atishawar ba ta tafi tare da ƙamshin ba. Wardin da ba ya ji yana nan yana sa shi neman murfi a ƙarƙashin tebur.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Ba shi da wata sana'a, ba shi da wani abin alfahari. Kwalaben haɗinsa kuwa, ga su nan jere a kan dogon kabad ɗin da ya jingina da bangon baya, duk iri ɗaya, ba mai ko harafi a jiki. Ya kwashe wuni yana haddace mazauninsu, wannan na hagu miski, na kusa da shi kafur, na sama ambar. Masu son sabon haɗi ya riƙa ce musu kaya ba su iso ba, yana sayar musu da tsohon haɗin da ya tara a manyan kwalabe, yana kallon kwalaben suna yin ƙasa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa.

Tsakaninsa da Uwargida akwai wata tsohuwar al'ada ta su biyu. Tun yana neman aurenta ya haɗa mata turaren da bai taɓa sayar wa kowa ba, farin miski ne ginshiƙinsa, sauran kuma sirrinsa ne. Duk lokacin da kwalbarta ta ƙare ba ta cewa komai, sai dai da safe ya tarar da kwalbar cikin takalminsa. Shi ma ba ya cewa komai, da yamma ya ajiye ta a cike a gaban madubinta. Sun haifi 'ya'ya, sun aurar, sun yi faɗa sun shirya, al'adar nan ba ta taɓa tsallake ba.

Ranar da ƙafarsa ta taɓo kwalbar cikin takalmi bayan tafiyar hancin, sai da gabansa ya faɗi. Amma ya ƙarfafa zuciya, ya ce ai hannu ma yana da haddarsa. Ya je shago ya sauko da kwalaben, yana cikin ɗiga wardi atishawa ta taso. Ba kowa a shagon, amma sabo ya riga ya zama jiki, ya matse hanci, kafaɗa ta yi tsalle, gwiwar hannunsa ta ture kwalabe biyu suka gangara kan tebur. Allah ya taimaka murafansu a rufe suke. Ya tsince su, ya kalli wannan fari tas, ya kalli wancan fari tas, ya ɗauki wanda zuciyarsa ta ce shi ne miski ya zuba da hannu sake, don matarsa ba ta cancanci rowa ba.

Washegari ta shafa, ta tsaya jim a gaban madubi, sannan ta ce, “An gode, Maigida.” Ya yi ajiyar zuciya ya ce a ransa, ashe dai da sauran aiki a hannun nan.

A cikin kwanakin ne kuma kuncinsa na dama ya fara tasowa. Ba zafi sosai, sai nauyi da wani irin cika, kamar ya ƙunsa abu a baki ya manta. Mai Faci ne ya fara lura.

“Mai Turare, wai me kake ci kai kaɗai? Tun makon jiya lomar nan take kumatunka.”

“Haƙori ne.”

“Haƙori ko ƙiba ce ta fara daga gefe guda? In ta gama nan sai ta zagayo ɗaya gefen?”

Shi kansa ya gamsu cewa haƙori ne, don haka ya tafi wurin mai cire haƙori. Mutumin ya duba ya ƙwanƙwasa ya ce haƙoran nan lafiyarsu ƙalau. Mai Turare ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya nuna wani turmi na can ciki ya kafe a kan shi ne ɓarawon. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe ya fito da auduga a baki da haƙori mai lafiya a aljihu. Kuncin kuwa ko gezau, sai ma ƙara tasowa da ya yi.

A gida kuma wata damuwar ta ɓullo. Mahaifiyarsa, Inna, wadda ke zaune tare da su a ɗakin da ke kusa da tsakar gida, kullum Uwargida ta shiga gaishe ta sai ta ce, “Ke kuwa bayan nan naki bai sake ki ba har yanzu?”

“Da sauƙi, Inna.”

Matan maƙwabta ma haka, kowacce ta shigo sai ta ce sannu da jiki. Abin ya tsaya wa Mai Turare a rai. A ce matarsa tana fama da ciwon baya duk unguwa ta sani, shi kaɗai ne bai sani ba? Ya ga laifin kansa, ya biya kantin magani ya sayo mata ƙaton gwangwanin man zafi, ya miƙa mata cikin tausayi. Ta karɓa, ta dubi gwangwanin, ta dube shi, ta juya da sauri ta shige kicin. Ya hango kafaɗunta suna rawa daga baya, ya ce Allah sarki, kuka take don daɗi.

Abin da ya taɓa hanci dai ido ruwa yake yi. Idon dama ya fara zubar hawaye ba dalili, ya ɗan turo, har tabarau ya daina zama daidai a fuskarsa. Masu saye suka koma yi wa kuncin magana maimakon mai kuncin. Shi kuwa ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa ciwon nan da ba a son ambaton sunansa ne. Ya fara yafe wa mutane laifin da ba su san sun yi ba. Har tsallaka titi ya yi ya riƙe hannun Mai Faci ya ce duk abin da ya shiga tsakaninsu ya wuce.

“Me ya shiga tsakaninmu in ba titi ba?” in ji Mai Faci.

Uwargida ce ta kawo ƙarshen wannan. Wata safiya ya fito zai tafi shago ya tarar da ita a bakin ƙofa ta yafa mayafi, makullin shagon kuma yana cikin jakarta. Ta ce asibiti za su. Ya fara kawo hujja, ta ce ya ƙarasa ta a mota.

Aka tura su sashen kunne da hanci da maƙogwaro, aka ɗauki hoton kansa a cikin wata na'ura mai kama da bakin rijiya, sannan suka zauna a dogon benci har aka kira su. Likitar mace ce, ba ta kai 'yarsa ta fari ba, mai saurin magana. Suna shiga ta ɗan ja hanci ta dube su biyun.

“Wane ne marar lafiyar a cikinku?”

“Shi ne,” in ji Uwargida da sauri.

Likita ta kunna hoton a kan allo, ta matso da fuska, ta ce, “Kai!” Mai Turare ya runtse ido ya fara salati.

“Ki faɗa mini kawai, Likita. Na shirya.”

“Baba, iska ce.”

Ya buɗe ido ɗaya. “Me?”

Ta juyo masa da allon. Ta ce kowane mutum yana da ɗan kogo a cikin ƙashin kunci, hagu da dama, kamar ƙaramin ɗaki, da 'yar ƙofa da ke buɗewa cikin hanci don iska ta shiga ta fita. Ta nuna na hagu, ɗan daidai. Ta nuna na dama, wani baƙin fili da ya ci rabin fuska. Ta ce ɗakin ne ya yi ta faɗaɗa har bangonsa ya yi siriri, ya turo kunci waje, ya ɗaga ido sama, ya danne hanyar hanci.

“To me ke cikinsa?”

“Ba komai. Ba ƙari, ba ruwa, ba mugunya. Iska ce zalla.”

Uwargida ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Shi kuwa, maimakon murna, sai ya ji an raina masa hankali. Mutum ya yi ban kwana da jama'a, ya ba da haƙori, a ce masa duk a kan fanko ne? Ransa bai dawo ba sai da Likita ta ce abin ba kasafai ake ganinsa ba, ita kanta a karatu kawai ta san shi sai yau, ta kuma nemi izininsa ta kira abokan aikinta su gani. Nan ya gyara zama, ya juya musu kuncin ta inda haske ya fi kyau.

Da suka watse ya tambayi abin da ke kawo shi. Ta ce gaskiya ba a gama sani ba. Wasu tun tasowa ƙashin nasu yake haka, wasu tsohon bugu ne ko tsohuwar tiyata, wasu kuma wani ciwo ne a kusa, shi nasa hoton bai nuna ba. Abin da aka fi zato shi ne wani ɗan nama ya tsiro a bakin ƙofar ya zama kamar bawul ɗin taya, iska ta shiga ta kasa fita. Ta leƙa hancinsa da wata siririyar fitila ta ce ga irin naman nan kuwa, ciki duk ya kumbura hagu da dama, alamar akwai abin da hancin ba ya so kuma ana ba shi kullum.

“Amma bawul kaɗai ba ya cika taya, sai da mai bugawa. Kana busa ƙaho? Kana nutso a ruwa? An taɓa naushinka a nan?”

“Ni? Mutum ne ni mai mutunci.”

Rana ba ta ƙarya. A daidai lokacin wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ajiye fayil, ta sha turaren wardi har ya yi mata yawa. Mai Turare bai ji ƙamshi ba, amma hancin ya gane abokin gabansa. Kafin ya ankara ya sunkuya ƙarƙashin teburin Likita, yatsu biyu a hanci, baki a datse. Kit. Kit. Kit. Ya ɗago da jajayen idanu yana murmushi.

Likita ta ajiye biro. “Baba, mene ne wannan?”

“Atishawa ce.”

“Ina take?”

“Na mayar da ita.”

“Sau nawa kake haka?”

“Tun da na san shi,” in ji Uwargida. “Ni ban taɓa jin muryar atishawarsa ba. Da yamma kuma ya fyace hanci har tagogi su amsa.”

Likita ta ce ba za ta rantse cewa wannan kaɗai ne ya jawo ba, amma in ana neman mai famfo, to ga shi nan zaune. Maganin kuwa aiki ne ɗan ƙarami: za a bi ta cikin hanci a cire naman, a faɗaɗa wa ɗakin ƙofa, iska ta samu hanyar fita.

“Ta cikin hanci?” Ya miƙe tsaye. “Likita, ki yanka ta kunne, ki yanka ta ƙeya, amma hancin nan ba a taɓa shi. Shi ne jarina. Duk garin nan ba mai irinsa.”

Ba ta yi musu ba. Ta buɗe durowa ta ɗauko wata 'yar kwalba, ta jiƙa auduga ta miƙa masa. “To gwani, mene ne wannan?”

Ya karɓa da yatsu biyu irin na masu sana'a, ya kaɗa a iska, ya lumshe ido. Ya ji Uwargida tana kallonsa, ya san ba hanyar gudu.

“Akwai lemo a sama,” ya ce a hankali. “Ƙasansa kuma ɗan sandal. Amma mai arha ne.”

“Ruwan famfo ne, Baba.”

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, ya kasa juyawa ya dubi matarsa. Da ya daure ya saci kallonta, sai ya ga ko mamaki ba ta yi ba, zaren jakarta kawai take murzawa. Likita ta sassauta murya ta ce ba za ta yi masa alkawarin ƙamshi zai dawo ba, yana iya dawowa, yana iya ƙi. Amma in aka bar shi haka, to ba ya dawowa, kuma idon ma yana cikin haɗari.

A gida ya zauna gaban Inna ya kwashe labari ya gaya mata, ya ƙare da cewa shi dai ko me za a yi ba zai karya dokar mahaifinsa ba. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, ta tafa hannu.

“Auta, ashe girman banza ka yi. Wato shekarun nan haɗiye atishawa kake?”

“Baba ne ya ce mai turare ba ya atishawa.”

“A gaban mai saye, ya ce! Kai a zatonka ubanka ba ya yi? Mutumin da in ya saki guda kaji sai sun watse? Ƙofar bayan shagon nan ta mece ce?”

“Wace ƙofa?”

“Wadda ka toshe da kabad tun satin da aka yi sadakar rasuwarsa, wai kana gyaran shago. Da ya ji ta taho sai ya ce wa mai saye bari in ɗauko maka na ajiya. Ya fita baya ya zazzage kansa, ya yi hamdala, ya dawo da kwalbar da dama tana aljihunsa.”

Mai Turare ya buɗe baki. Ya tuna yana tsaye a shagon yana saurayi, yana mamakin yawan kayan ajiyar da mahaifinsa ke da su a wannan ɗan lungun, inda shi bai taɓa ganin komai ba sai tsohon bokiti.

“Ka cuci kanka, ka kuma hana bayin Allah ladan yi maka addu'a,” in ji Inna. “Je ka a buɗe maka.”

Aka yi aikin. Ya farka da hanci cike da auduga, yana numfashi ta baki kamar kifi, Mai Faci kuma yana zaune a gefen gado da ledar lemo.

“Da ka kawo mini tun farko ai da na sace maka iskar kyauta,” ya ce. “Ka ga yanzu sai a riƙa duba ka duk sati, kar ka yi ƙasa da yawa.”

Nauyin kuncin ya tafi tun a kwanakin farko, idon ya daina hawaye. Fuskar dai Likita ta ce ƙashi ba balan-balan ba ne, ba zai koma daidai tsaf ba, ya haƙura da ɗan tudun. Ta haɗa shi da ruwan gishiri na wanke hanci da maganin fesawa, ta kafa masa tata dokar: atishawa baki buɗe, fyace hanci a hankali, wardi kuma daga nesa. Ranar da ya koma shago shi da Mai Faci suka sauke kwalabe suka ja kabad gefe. Ga ƙofar nan kuwa, ƙarama, sakatarta ta yi tsatsa. Da suka ɓalle ta haske ya shigo shagon ta inda ya manta haske yana shigowa.

Amma ƙamshi bai dawo ba. Kullum da safe sai ya buɗe kwalbar udu ya ja, ya mayar da murfi. Manyan kwalaben tsohon haɗi sun kusa kaiwa gindi. Ya daina wasa da Mai Faci, ya fara tunanin ko shagon zai koma na sayar da sabulu da man shafawa, abin da ko marar hanci zai iya. Wannan tunanin ya fi masa tsoron mutuwar da ya yi a baya ciwo, don wancan aƙalla da mutuncinsa zai tafi.

Wata rana da azahar yana zaune ya zabga tagumi, sai wani abu ya sosa masa can cikin kai. Ya ɗauka ciwon kai ne. Ya sake jan numfashi. Wari ne, warin roba da gam, yana tsallako titi daga wurin Mai Faci. Bai taɓa jin abu mai daɗi irinsa ba. Ya miƙe zai kai hannu ga kwalbar udu, sai ga Uwargida ta yi sallama ta shigo da kwanon abincinsa.

Warin roba ya gudu. Wani abu mai kaifi ya cika shagon, ya shige masa hanci ya fito ta ido.

“Subhanallahi! Wa ya shigo da man zafi? Ke, duk gwangwanin kika shafe?”

Ta tsaya cak da kwano a hannu. “Ka ji?”

“Na ji mana! Kafur ne zalla, ko gawa aka...” Ya matso kusa da ita, ya kama gefen mayafinta ya kai hanci. A ƙarƙashin kafur ɗin, can ƙasa, ya tsinkayi ɗan wardi, da ambar, da wani abu guda da ba wanda ya san yana sakawa sai shi. Ya juya ya dubi kabad, inda fararen kwalabe biyu ke tsaye kafaɗa da kafaɗa.

“Ban taɓa buɗe gwangwanin ba,” ta ce. “Bayana lafiyarsa ƙalau.”

“Tun yaushe?”

“Tun kwalbar da ka kawo kafin kuncin ya taso. Da wadda ta biyo bayanta.”

“Kika sake saka mini ita a takalmi?”

“To da in daina? Ai da ka gane na gane.”

Ya zauna a kan kujera ba shiri. Ya tuna bikin 'yar ƙanwarta da ta je a haka, da asibiti, da matan unguwa masu sannu da jiki. Matar mai turare guda, tana yawo cikin mutane tana warin ɗakin masu targaɗe, kullum da safe kuma ta tsaya gaban madubi ta shafa a gabansa don ya gani.

“Me ya hana ki gaya mini?”

“Kai me ya hana ka gaya mini?” Ta ajiye kwanon a tebur. “Na ga abin da ya rage maka ke nan, ka ɗauka ban sani ba. Na ce bari in bar maka shi.”

Idon da Likita ta gyara ya sake kawo ruwa, na hagun ma ya taya shi. Ana cikin haka ɗan wardin da ke mayafin ya gama aikinsa, ƙaiƙayi ya taso daga ƙurya. Hannunsa ya tafi hanci da kansa, ya tuna Likita ya sauke. Ya zabura zai yi ƙofar baya, Uwargida ta riƙe masa hannun riga.

“Ina za ka? Ni ba mai saye ba ce.”

Ya sake ta. Kwalabe suka yi ƙara a kan kabad, wata akuya da ke kwance a bakin shago ta tashi a guje, Mai Faci ya yar da ƙarfen da ke hannunsa ya leƙa ƙarƙashin motar da yake wa aiki yana neman tayar da ta fashe.

“Alhamdu lillahi,” in ji Mai Turare, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

“Yarhamukallahu,” ta ce, tana dariya tana share ido da mayafin. “Yau dai na samu na faɗa.”

Bai taɓa abincin ba. Ya sauko da fararen kwalaben biyu, ya shinshina wannan, ya shinshina wancan, ya mayar da kowacce mazauninta. Sannan ya miƙa mata hannu ya ce ta ba shi kwalbarta ya zubar da abin da ke ciki. Ta ciro ta daga jaka, amma ba ta sake masa ba.

“Nemo mini sabuwa. Wannan Inna ta riga ta ce a bar mata saboda gwiwa.”